Tsohon talabijin yana ta cinye tiransisto: ina ciwon yake?

"Assalamu alaikum. Ina da tsohon talabijin mai ƙaton baya, inci 21, na marigayi mahaifinmu ne, ya haura shekara ashirin a gidan. Tun bara ya fara jinkirin tashi, musamman da sanyin safiya, sai an bar shi mintoci kafin hoto ya fito. Daga baya wasu fararen layuka suka bayyana a saman hoton, wani lokaci kuma sai an ɗan mare shi a gefe yake dawowa. Wani dare ya ɗauke gaba ɗaya. Mai gyara ya canza wani babban tiransisto, ya yi kwana huɗu ya sake mutuwa. Yanzu in an kunna sai jar fitilar gaba ta riƙa ƙiftawa, ana jin ƙara tsik-tsik-tsik daga ciki. Ina da mita, ina ɗan taɓa gyaran rediyo da caja. Zan iya gyara shi da kaina, ko in haƙura da shi?" In ji wani mai karatu daga Gusau.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Bayanin da ka yi ya rage rabin aikin, domin ka faɗi abin da akwatin ya riƙa yi kafin ya mutu, wanda shi ne masu kawo gyara suka fi mantawa da shi. Tambayarka biyu ce: me ke kashe tiransiston, kuma ko akwatin ya cancanci wahalar. Irin wannan talabijin yana gyaruwa, galibi da kayan da ba su da tsada. Amma tiransiston da aka canza ba shi ne ciwon ba. Wani abu ne ya kashe shi, kuma abin yana nan zaune a kan allon. In ka sa na uku ba ka nemo shi ba, shi ma kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Ga yadda wuta ke tafiya a ciki, don ka gane dalili. Wutar soket tana bi ta fis, dayod huɗu su mayar da ita DC, ta taru a babbar kafasita wadda aka saba rubuta wa 150µF ko 220µF, 400V. A ƙafafunta akan sami 300V zuwa 320V. Sashen wuta yana yanka wannan da sauri ta cikin taransifoma, ya fitar da layuka da dama. Babba a cikinsu shi ne wanda aka rubuta wa B+ a jikin allo: 110V zuwa 115V a yawancin masu inci 14 da 21, kusan 125V zuwa 140V a masu inci 29. Wannan layin yana shiga filaibak, wato baƙin taransifoman nan mai jar waya mai kauri da ke hawa bayan kwalba (babban gilashin da hoto ke fitowa a fuskarsa), kuma tiransiston horizanta, wanda nake zaton shi mai gyara ya canza maka, shi ne ke buɗe masa hanya yana rufewa sau 15,625 a kowace daƙiƙa. Daga filaibak ake samun kusan volt 25,000 da ke haska kwalba, da wutar da ke dumama wuyanta, da 180V na launuka, a akwatuna da yawa har da wutar aisin batikal (IC ɗin da ke shimfiɗa hoto daga sama zuwa ƙasa). Ka ga ke nan duk wani nauyi a wannan yanki a wuyan tiransisto ɗaya yake. Shi ya sa shi ke fara faɗuwa, ko da laifin na wani ne.

Ƙarar tsik-tsik ɗin kuwa labari ce mai daɗi ta wani gefen. Sashen wuta ne ke yunƙurin tashi, ya tarar layin da ke gabansa ya haɗe da ƙasa, wato layin − na allo, ya kashe kansa, ya sake gwadawa. Tunda yana yunƙurin kuma fitila na kamawa, fis da dayod huɗun da babbar kafasita suna da rai.

Kafin ka sa hannu

Caja da rediyo ba su shirya ka wa abin da ke cikin wannan akwatin ba. Wurare biyu suna riƙe wuta bayan an zare filogi. Na farko babbar kafasitar nan, kuma ita ta fi cutar da masu koyo, don tana iya riƙe 300V ɗinta tsawon lokaci idan sashen wuta bai tashi ba. Ka sami ƙwan fitila na da, mai zaren wuta a ciki, wat 60 ko 100, ka haɗa masa wayoyi biyu masu roba, ka taɓa ƙafafun kafasitar da su. Zai yi walƙiya ya mutu. Sai ka auna da mita ka tabbatar. Kada ka haɗa ƙafafun da sukundireba: tartsatsin yana cin layin tagulla na allo, yana kuma raunata kafasitar. Ƙwan LED ba ya wannan aikin, don haka in ka sami irin na da, sayi biyu ko uku ka adana, za ka buƙace su a gaba.

Na biyu ita kanta kwalbar. Ƙarƙashin robar nan da ke manne a bayanta kamar ƙahon wanzami, wuta na iya kwana. Ba sai ka taɓa wurin ba in ba filaibak za ka cire ba. In ya zama dole, ɗaura waya a jikin sukundireba mai faɗin baki, ɗaya bakin wayar ka maƙala shi a tsirarar wayar da aka ja a bayan kwalba, ba a jikin allo ba, sannan ka zura bakin sukundireban ƙarƙashin robar da hannu ɗaya, ɗayan hannun a bayanka. Za ka ji tas. Ka jira minti ɗaya ka maimaita, don wutar kan ɗan dawo.

Ka yi aiki a kan teburin katako, da takalmin roba, ba a kan siminti mai danshi ba, kuma da wani babba a kusa. Ka cire agogo da zobe. Wuyan kwalba shi ne wuri mafi rauni, bugu kaɗan ke fasa shi, in ya fashe kuma zance ya ƙare. Sannan allon yana da ƙasa iri biyu. Ɓangaren da ke kusa da wayar soket yana haɗe da wutar gari kai tsaye, ko ƙarfen sanyaya tiransiston wurin yana iya jan mutum. In za ka auna can, baƙar wayar mita tana kan ƙafar − ta babbar kafasita. In B+ da sauran layuka za ka auna, tana kan gwangwanin tuna, wato akwatin ƙarfen da wayar eriya ke shiga. In wannan sakin layin ya sa gabanka faɗuwa, babu laifi: karanta sauran, ka kai wa mai gyara, ka zauna kusa da shi ka ce ya bi matakan.

Ido da hanci kafin mita

Buɗe bayan, ka share ƙura da busasshen burushin fenti. Ƙurar hunturu ta shekaru in ta sha danshin damina tana zama hanyar wuta, musamman kewaye da filaibak da robar kwalba. Duba gawar tsaka ko kyankyaso a ƙarƙashin allo, da tabon fitsarin ɓera, wanda ke barin kore-kore a ƙafafun kaya. Duba kafasitocin da kansu ya kumbura, ko robar jikinsu ta motse ta ja baya. Juya allon a haske mai kyau, da gilashin ƙara girma in kana da shi, ka dubi liƙin dalma a ƙafafun filaibak, da na ƙaramin taransifoman da ke kusa da tiransiston horizanta, da na aisin batikal, da soket ɗin yok (naɗin wayar da ke kewaye da wuyan kwalba), da manyan razistoci. Abin da kake nema siririn zobe ne baƙi kewaye da ƙafa, kamar an zana shi da allura. Wannan tsagar ita ce dalilin da mari ke tayar da akwatin, kuma kowane mari ƙara buɗe ta yake yi.

Yanzu cire tiransiston horizanta. Yana manne da ƙarfen alminiyam kusa da filaibak, lambobin da aka fi gani su ne D1555, D2499, D1651, TT2140 ko BU2508DF. Sa mita a ma'aunin dayod, ka auna tsakanin ƙafar tsakiya, wato C, da ƙafar E. Lafiyayye yana nuna kusan 0.4 zuwa 0.5 ta fuska ɗaya saboda dayod ɗin da aka gina a cikinsa, in ka juya wayoyin ba ya nuna komai. Matacce yana sa mita kuka ta kowace fuska. Abin da ke ruɗa masu koyo: tsakanin B da E na irin waɗannan akwai razista a ciki mai kusan 40Ω, don haka ƙaramin karatu a nan ba lalacewa ba ce.

Da tiransiston a waje, auna daga layin B+ zuwa ƙasa. In har yanzu a haɗe yake, sai ka dubi dayod ɗin da ke fitar da B+ da kafasitarsa, wadda galibi 100µF ce, 160V, da ƙaramar kafasitar yumɓu da ke kan dayod ɗin.

Gwajin da mai gyaran ya tsallake

In layin ya buɗe, kada ka sa sabon tiransisto tukuna. Haɗa ƙwan wat 60 a kan ƙafafun kafasitar B+, ka ɗora mita a wurin, ka kunna. Wasu akwatunan suna barin B+ ƙasa har sai an danna rimot ko maɓallin tasha, ka kula da wannan. Ƙwan zai yi haske rabi, mita kuma ta tsaya cak a kan adadin da aka rubuta a allo ko a jikin takardar filaibak. Bar shi minti goma sha biyar kana kallo. Ka ƙwanƙwasa allon a hankali da bayan sukundireba mai roba.

A nan nake zaton za ka kama ɓarawon. In ka ga 130V ko 150V inda ya kamata a ga 110V, ko adadin yana hawa yana sauka, ko ya yi tsalle lokacin kunnawa kafin ya dawo, to sashen wuta ne ke kashe tiransiston. Jinkirin tashi da sanyin safiya da ka ambata alama ce sananniya ta ƙananan kafasitoci da suka bushe a ɓangaren farko na sashen wuta, irin su 47µF/50V da 100µF/25V da ke zaune kusa da aisin STR ko babban tiransiston wuta, inda zafi ke gasa su shekara da shekaru. Busasshiyar kafasita tana ɗan farfaɗowa in ta ji ɗumi, shi ya sa akwatin ke tashi bayan mintoci. Ba lallai ta kumbura ba, mita mai auna µF ma tana iya cewa lafiyarta ƙalau alhali ta mutu, sai mai auna ESR, wato turjiyar cikin kafasita, ce ke tona ta. Tunda kuɗinsu kaɗan ne, ni shawarata ka canza duk ƙananan da ke wannan ɓangaren har da ta B+, ba tare da dogon bincike ba. Ka sayi masu 105°C, µF daidai da na tsohuwar, volt daidai ko sama, ka kuma kula da ƙafar + da −. In B+ bai daidaitu ba bayan haka, sai a koma kan masu sa ido a kansa: PC817, da TL431 ko SE110 da danginsa, da ƙaramar razista mai juyawa, wadda tsatsa kan hana ta kamawa sosai.

In B+ ya tsaya daram, to sai sauran waɗanda ake zargi, kuma tsawon ran tiransisto yana nuna hanya. Wanda ya mutu nan take da kunnawa, ka tuhumi filaibak ko kafasitar da ke tsakanin C da ƙasa. Wannan ba mai ruwa ba ce, mai kusurwa huɗu ce, an rubuta mata 822 ko 912 ko makamancin haka, da 1600V ko 2kV. Ita ke danne tsallen wutar da ke tasowa duk lokacin da tiransisto ya rufe. In ta rage ƙarfi ko liƙinta ya tsage, wutar ta wuce abin da tiransisto zai ɗauka, ta kwalba ma ta haura ƙa'ida. Kada a sa ƙasa da adadinta, kada a sa mai ƙaramin volt, kada kuma a taɓa kunna akwatin babu ita. Wanda ya yi zafi sosai ya mutu cikin mintoci ko awa, ka tuhumi abin da ke tuƙa shi: ƙaramin taransifoman nan, da ƙaramin tiransistonsa irin C2482 ko C2383, da kafasitar da ke ba su wuta. In tuƙin ya yi rauni, babban ba ya buɗewa sosai ba ya rufewa da sauri, sai ya dafa kansa. Yok ma yana jawo haka in tsatsa ta ci naɗinsa a ƙarƙashin tsohon gam. Naɗin horizanta, mai jar waya da shuɗiya, yakan nuna 'yan ohm ƙasa da huɗu, na batikal kuwa kusan 8 zuwa 15. Wanda ya yi kwanaki kamar naka, galibi tsagaggen liƙi ne ko B+ mai yawo. Don haka duk ƙafafun da na lissafa a baya, ka zuƙe tsohuwar dalmarsu ka sa sabuwa, ko da idonka bai ga tsaga ba.

Akwai kuma jabu. Lambobin da suka yi suna irin D1555 sun cika kasuwa da na bogi, masu ƙaramin ciki a babbar riga. Rubutun da ke gogewa da yatsa da ƙafafu sirara alamu ne. Sau da yawa wanda aka ciro daga mataccen allo na asali ya fi sabo fil na leda aminci, kuma masu sayar da tsofaffin alluna a kasuwanni irin Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas sun san da haka. Ka tabbatar wanda za ka sa yana da dayod a ciki in tsohon yana da shi, ka shafa farin man sanyaya, ka ɗaure shi sosai a ƙarfensa.

Filaibak ne iyakar mitarka. Za ta gaya maka in naɗin farko, tsakanin ƙafar B+ da ƙafar C, ya yanke, ko ya haɗe da ƙafar ƙasa, wanda bai kamata ya nuna komai ba. Amma zagaye ɗaya da ya haɗe a ciki ba ta ganinsa, sai na'urar gwajin naɗi ko a musanya da wani mai lamba ɗaya. Tsaga a jikinsa, kumburi, ƙarar sss, ko shuɗin tartsatsi da ake gani a duhu, duk hukunci ne a kansa. Ba a sa filaibak don ya yi kama da tsohon: jerin ƙafafu da ƙarfin wuta sun bambanta.

Kunnawar farko da fararen layukan

Bayan ka haɗa komai, yanke hanyar B+ zuwa filaibak, akwai razista ko 'yar waya a wurin, ka sa ƙwan wat 100 a tsakani. In ya yi ja kaɗan, ka ji ƙarar wuta ta hau kwalba, hoto ya fito ko da a tsuke, to alhamdu lillahi. In ya haska fau, kashe nan da nan, ƙwan ya ceci tiransistonka, akwai sauran aiki. In komai lafiya, mayar da haɗin, ka kunna minti biyar, ka zare filogi, ka taɓa ƙarfen sanyayan. Ɗumi ba laifi. Zafin da yatsa ba ya iya jurewa yana nufin ka koma kan tuƙi da yok.

Fararen layukan saman hoto matsala ce dabam, mai sauƙi. Kusa da aisin batikal, irin LA7830, LA7840, LA78040 ko AN5522, akwai kafasita 100µF/35V tare da dayod ɗaya, su ke ɗaga wuta lokacin da hasken ke komawa sama. Canza ta, da babbar kafasitar da ke ba aisin wuta. In aka bar su, aisin ke bi, hoton ya koma layi ɗaya fari a kwance. Duk ranar da ka ga wannan layin, rage maɓallin da aka rubuta wa SCREEN a jikin filaibak kafin ka ci gaba, in ba haka ba zai ƙona fuskar kwalba ya bar tabo na har abada. In kuwa layukan sun cika fuskar duka, hoton ya yi fari fat, to kafasitar layin 180V ce, 10µF ko 22µF mai 250V. Hoto mai hazo da ke washewa bayan mintoci a lokacin damina, soket ɗin wuyan kwalba ne ya yi kore a ƙafar fokas, canza shi ake yi. Tabon launi a kusurwa kuma, ka fara janye lasifikar da ke kusa, sannan ka girgiza baƙin akwatin nan ƙarami mai ƙafa biyu ko uku da ke kusa da fis. In yana kacau-kacau ya farfashe.

Abu ɗaya da ba na yarda da shi ko kaɗan: yanke layin kariya don akwati ya daina kashe kansa. Wannan layin ne ke tsayar da shi idan wutar kwalba ta haura, kuma a can sama kwalba tana iya fitar da hasken X-ray mai cutar da jiki. Haka naɗa wa fis waya. In an rubuta T3.15A, shi za a mayar.

Ya cancanci gyara?

Kwalba ce ke yanke hukunci, tunda an daina ƙera su, Sony ma ta daina ƙera kwalbarta ta Trinitron tun 2008. Ka tuna yadda hoton yake kafin mutuwar. In yana da haske, fari fari ne, launuka ba sa zubowa gefe, to kwalbar na da sauran shekaru kuma gyaran ya dace. In ya dusashe, ya rine ja ko kore, sai a duhu ake kallo, to ta gaji. Dabarar ƙara wa wuyanta wuta fiye da 6.3V tana dawo da haske na 'yan watanni ne, sannan ta ƙarasa ta.

In kwalba lafiya amma filaibak ya gagara samuwa, ko allon ya ƙone da yawa, akwai cikakken allo ɗan Chana da ake sayarwa da rimot ɗinsa, na inci 14 zuwa 21. Yana aiki, sai dai a duba dacewarsa da yok da soket ɗin wuya, kuma faɗin hoto kan buƙaci saiti. Ingancinsa bai kai na asali ba, don haka shi ne zaɓin ƙarshe. Tuna kuwa kada ka kashe mata ko sisi. Tun da aka ƙaddamar da komawa tsarin dijital a Jos a 2016 ake ta barin tsohon tsarin eriya, kuma dikoda tana shiga ta ramukan AV, rawaya da fari da ja, ba ruwanta da tuna. Ka dai lissafa wuta: mai inci 21 yana cin kusan wat 70 zuwa 90, ninki biyu ko fiye na falalen talabijin mai girmansa, abin da zai dame ka in sola ko inbata kuke amfani da ita.

Daga nesa ba zan iya rantsewa kan wace kafasita ce ba, adadin da aka buga a allonka kuma shi ne gaba da duk wanda na ambata. In gyaran ya yi, bar shi a kunne awa huɗu zuwa biyar da bayansa a buɗe, inda yara ba sa kaiwa, kafin ka rufe. Bayan nan a ba shi tazarar taƙi ɗaya daga bango, a daina rufe ramukan iskarsa da ƙyallen ado yana aiki, a kuma zare filoginsa kafin a tayar da janareta ko a sauya layi, sai wuta ta zauna a mayar. In kuma ka yanke shawarar rabuwa da shi, ba wa mai gyara ya ciri kaya. Kada a fasa kwalbar a bola ko a bar yara su jefe ta: babu iska a cikinta, tana tarwatsewa da ƙarfi, gilashin bayanta kuma yana ɗauke da dalma mai yawa.